Inna Yelwa, Matar da Ta Cire Ƙyauren Ɗan Hayarta

Idan aka idar da sallar asuba a unguwarmu da ke bayan kasuwar Wudil, Inna Yelwa ba ta komawa shimfiɗa. Za ta gyara ɗaurin zani, ta ɗauki tsintsiya da wani guntun rodi mai lanƙwasasshen baki, ta fara da kwata. Ta zaƙulo ledojin da suka toshe hanyar ruwa, ta leƙa rijiya ta ga ko an mayar da murfi, ta ɗaga kai ta bi wayoyin wutar da ɗalibai ke jonawa yadda suka ga dama. Sai kuma abin da kowa ya san ta da shi: ta zaga bayan ɗakunan haya tana ɗora tafin hannunta a jikin bango, kamar uwa mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi. Wani bangon ta shafa ta wuce. Wani ta daɗe a kansa, har ta sunkuya ta shinshina gindinsa.

'Yan hayarta sun mayar da abin wasa. Wani zai leƙo ta taga da barci a idonsa ya ce, "Inna, ya bangon ya kwana?"

"Ya fi ka lafiya," za ta ce. "Shi bai makara sallah ba."

Makon jiya gwiwa ta ƙi, Inna Yelwa ta miƙa wa babban ɗanta Garzali makullan gidan. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira maroƙi ba, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa na ga bai kamata ranar ta wuce shiru ba.

Kafin a san ta da gidan haya, da suyar kifi aka san ta a bakin gada. Maigidanta ya rasu ya bar mata yara da gida mai fili, da ɗakunan ƙasa a baya inda yake ajiye hatsi. Da ɗaliban jami'a suka cika gari suna neman wurin kwana, duk mai ɗakin ajiya ya share shi ya zama mai gidan haya. Ita ma ta share nata, ta ƙara wasu a gaba da ribar kifi, ta buɗe musu ƙofa ta daban. Daga nan ta sauke kasko, gidan ya zama shi ne cinta da shanta.

Mutane da yawa gani suke haya sana'ar hutu ce: ka gina, ka zauna, shekara ta zagayo a kawo maka. Inna Yelwa ba ta taɓa ɗaukar ta haka ba. Cewa take, "Yaron nan da kake gani da jaka a baya, akwai wata mata a Mubi ko a Gusau da ta iya rufe ido ta yi barci don an ce mata akwai babba a gidan da yake. Ni ce babban." Da idonmu mun ga ta tare keke mai ƙafa uku ta kai ɗalibin da zazzaɓi ya kayar asibiti, ta zauna a kansa har ƙanin mahaifinsa ya iso daga garinsu. Mun ga ta bi ɗaki-ɗaki ta kwashe tukwanen gas, ta sa aka yi rumfar girki a tsakar gida, tana ta shan ƙorafi ba ta ko waiwaya ba. Amma duk wanda ka tambaya a unguwar nan labarinta, da maganar ƙyaure zai fara.

Asalin abin daga kyakkyawar niyya ya taso. Da masu kuɗi suka fara gina gidajen bulo masu tayil, ɗalibai suka daina kallon ginin ƙasa. Garzali, wanda keke yake ja, ya ga mahaifiyarsa za ta rasa 'yan haya. Ya tara abin da ya samu ya yi wa ɗakunan baya abin da rabin gari ke yi: aka shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, aka ɗora kwano, aka yi fenti shuɗi. Wanda bai sani ba sai ya rantse bulo ne. Inna ta sa masa albarka, amma duk wanda ya zo kama ɗaki sai ta gaya masa, "Ƙasa ce fa, riga kawai aka sa mata." Abin da ya dame ta shi ne, da can idan bango ya tsage tana gani, ta kwaɓa ƙasa ta yi yaɓe kafin ruwan farko. Yanzu riga ta rufe komai. Tun daga lokacin ta fara taɓa bango da hannu.

Sai shekarar da kogi ya yi cikar da ya daɗe bai yi ba. Ruwa ya haura ya kwanta a lungun bayan gidan, ya jiƙa gindin ɗakunan shuɗin, ya ɗan kwana biyu, sannan ya janye. Kowa ya yi hamdala, ba gidan da ya faɗi a layinmu. Da rana ta take, Inna ta zaga. Bangon gaba ya ɗauki zafi kamar kullum. Na baya kuwa sanyi ƙalau, kamar ka dafa randa.

Ta aika aka kira Auta, magini ne da yake taɓa aikin kafinta. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya sosa ƙeya.

"Inna, ba zan rantse miki ba. Zai iya ƙara shekara goma yana tsaye. Zai kuma iya zubewa gobe."

"To me ka faɗa ke nan, Auta?"

"Gaskiya na faɗa. Sai an fasa rigar za a san abin da ke ciki."

Ɗalibai uku ne a jerin. Ta tara su ta gaya musu yadda ake ciki. Biyu ba su ja ba, suka kwashe katifunsu zuwa zaure. Na ukun shi ne Lukman, ɗan Mubi, yaro mai ladabi, wanda ke shekarar ƙarshe kuma jarrabawar fita ta ƙarato. Shi ta ware wa ɗakinta na kwana, ta ce ita rumfar girki ta ishe ta. Lukman ya ƙi.

"Inna, ki yi haƙuri. Ɗakinki a bakin rijiya yake, daga safe har dare guga ake ja ana hira. Nan ne kawai nake iya karatu. In na faɗi jarrabawar nan sai na maimaita shekara, kuma wallahi a gida ba mai iya ɗaukar nauyin wata shekarar."

"Na ji, ɗan nan. Amma bangon ya sha ruwa."

"Ko tsaga babu, Inna. Auta ma bai ce zai faɗi ba. Ki bar ni in gama, ranar da na rubuta ta ƙarshe zan fita da ƙafata."

Ba shirme ya faɗa ba. Yana da gaskiyarsa, kuma ya biya kuɗin ɗakinsa cif tun farkon shekara. Garzali ma bayansa ya bi. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "kai wannan".

"Inna, sababbin ɗalibai na nan tafe. In kika yayata cewa bangonmu zai faɗi, wa zai ƙara leƙo gidan nan? Da me za ki ci?"

"Kai wannan, in ya faɗi da ɗan mutane a ciki, da wane baki zan ci?"

Ta roƙi Lukman da safe, ta roƙe shi da yamma. Ta aika masa limami. Hadari kuma bai daina haɗuwa ba, don tsakiyar marka ce. Rannan da hantsi, sama ta yi baƙi ta gabas, sai ta sake aikawa Auta ya zo da kayan aikinsa.

Wanda bai san harkar haya ba, bari in gaya masa. Idan ɗan haya ya ƙi biya ya kuma ƙi tashi, akwai abin da masu gida marasa imani ke yi: su sa a cire ƙyauren ɗakin, ko a yaye kwanon. Ba duka ba zagi, amma mutum ba zai iya kwana a buɗe da kayansa ba, dole ya tattara. Tozarci ne ga wanda aka yi wa, kuma tabo ne ga wanda ya yi. Gidan da aka taɓa cire wa ɗalibi ƙyaure, labarinsa yakan riga mai shi isa makaranta. Inna Yelwa ta san wannan sarai. Ita da kanta ta sha tsine wa masu yi.

"Auta, kwance mini ƙyauren can."

Auta ya dube ta, ya dubi Lukman da ke zaune a kan katifa da takardu a cinya.

"Bai biya ba ne, Inna?"

"Ya biya, ko sisi ba na bin sa."

"To ni dai tun da nake ban taɓa cire ƙofar wanda ya biya ba."

"Yau ka fara."

Lukman ya miƙe. "Inna, ni za ki yi wa haka? A gaban mutane?"

Auta ya kwance ƙyauren ya jingine a zaure. Maƙwabta sun riga sun taru a bakin ƙofa. Inna ta shiga da kanta ta fara naɗe masa tabarmar sallah za ta kai ɗakinta. Ya karɓe a hannunta, ba da tsawa ba, ya ɗauki hoton ɗakin ba ƙyaure da wayarsa, ya kira keke ya tafi wurin abokinsa. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin ɗalibai.

Maganar ta kai gaban Mai Unguwa Halliru. Ya saurari Lukman, sannan ya juya gare ta.

"Yelwa, ke ce? Da wani aka ce mini, da ban yi mamaki ba. Kin tabbata bangon nan faɗuwa zai yi?"

"Ranka ya daɗe, ban tabbata ba."

"Ba ki tabbata ba, kika tozarta ɗan mutane ana gobe jarrabawa?"

"Ranka ya daɗe, in ban yi daidai ba, yaron nan zai zage ni yana tsaye da ƙafarsa, in ba shi haƙuri. In kuma na yi shiru ya zamana daidai ne tsoron nawa, wa zan ba haƙuri? Na zaɓi wanda zan iya ɗauka."

Mai Unguwa ya yanke cewa ta mayar wa yaran uku abin da ya rage na kuɗin hayar shekararsu. Ta sayar da awakinta ta mayar.

Bangon kuma bai faɗi ba.

Aka yi ruwa a daren, bai faɗi ba. Marka ta ƙare, yana nan tsaye, fentinsa na sheƙi kamar yana yi mata dariya. Sababbin ɗalibai suka zo, dillalai na yawo da su lungu-lungu, in sun iso ƙofarta sai su ce, "Nan gidan cire ƙyaure ne, mu wuce gaba." Har na ɗakunan gaba da wa'adinsu ya cika suka tashi. Matar da ta yi shekaru tana gina suna, ta wayi gari sunan ya zama abin tsoratar da baƙi. Garzali ya roƙe ta ta bari a mayar da ƙyauren a sa ko da 'yan kasuwar Juma'a ne masu neman wurin kwana. Ta ƙi. Ya yi fushi ya daina cin tuwonta, sai dai ya gaishe ta daga tsaye ya wuce.

Ba ta da abin rushewa ta sake gini. Abin da ta iya shi ne ta saro ƙaya ta toshe lungun baya da bakin ɗakunan, don kada yara ko dabbobi su raɓa. Sannan ta ciro tsohon kaskonta ta wanke, ta koma bakin gada da furfurarta. Abokan sana'arta na da ba su bar ta ta huta ba.

"A'a, mai gidan haya! An dawo ke nan? Ko kifin ma ƙyaure za ki cire masa?"

"Kai zan cire masa," ta ce, "matsa mini in zauna."

Tana dariya da su, amma Auta ya ce wata rana ta tsayar da shi a hanya ta ce, "Auta, anya ban zalunci yaron nan ba? In ya faɗi jarrabawar nan, ni ce." Auta ya ce mata to a mayar da ƙyauren mana. Ta girgiza kai. "A'a. Zaluncin dai nake tsoro, amma ƙyaure ba zai koma ba."

Inna Yelwa, a nan ne na fi jinjina miki. Ba ranar cire ƙyauren ba, ranar kowa na iya yin ta maza. Watannin da suka biyo baya nake nufi, lokacin da ba kowa a bayanki, ɗanki ya juya miki fuska, bangon da kansa yana ƙaryata ki kullum safiya, zuciyarki ma tana tuhumar ki. Ke ce kika ci gaba da gyara ƙayar nan duk sanda akuya ta ture ta. Ke ce kika yarda a kira ki azzaluma, ba ki yarda ki kwantar da ɗan wani a inda ba za ki kwantar da naki ba. Uwar 'ya'yan wasu, sannu.

Da kaka ta yi, an daina ruwa, ana ta yankan gero a ƙauyukan Achika da Lajawa, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana tsaka ba ko gajimare, sai muka ji wata ƙara kamar an juye tifar yashi. Bangon baya ya tafi ciki gaba ɗaya, kwanon ya bi shi. Da ƙura ta lafa, simintin ya farfashe kamar ɓawon ƙwai, ƙasar ciki kuwa ta zama gari. Ta sha ruwa ta kumbura a damina, da ta bushe sai ta saki. Ko kaza bai taɓa ba.

Aka ruga aka gaya mata a bakin gada. Ta zo da sauri, hannunta duk mai, mayafi na jan ƙasa. Ita ta toshe wurin da hannunta, ta san ba kowa, amma abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ke ciki? Ku gaya mini wa ke ciki!" Da aka ce ba kowa, sai ta zauna a ƙasa tana hamdala tana hawaye. Garzali ya iso ya tsaya yana kallon fentinsa a cikin ɓaraguzai, ya kasa haɗa ido da ita. Jama'a suna jiran abin da za ta gaya masa. Ta share fuska ta ce, "Kai wannan, akwai tuwo a kwano, je ka ci."

Bayan 'yan kwanaki Lukman ya shigo gari karɓar takardunsa, ya ji labari, ya zo. Ya daɗe tsaye a daidai inda katifarsa take a da, inda yanzu tulin ƙasa ya kai ƙugu. Sannan ya zo ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya mutanen gida? Ya jarrabawar?"

"Na ci, Inna. Duka."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Yau zan yi barci. Wannan ce ta hana ni sakat, ba bango ba."

"Inna, ki yafe mini hoton nan."

"Ni na cire maka ƙofa mutane na kallo. Ni ce mai neman yafiya."

Ya ɗauki hoton ɓaraguzan ya tura inda ya tura na farko. Amma kada wani ya ɗauka washegari ɗalibai suka yi layi. Mummunan labari ya riga ya yi nisa, mai kyaun a hankali ya bi shi. Inna ta ƙara shekaru a bakin kasko, Garzali yana jan keke har da ranakun hutu, suka tayar da ɗakunan da bulo tun daga tushe, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ƙyauren nan da ya daɗe jingine a zaure, shi aka sa wa ɗakin ƙarshe.

Farkon zangon karatun bana, wani mutum da ƙaramar mota ya tsaya a ƙofar gidan, ya fito da saurayi mai jaka a baya. Lukman ne, ya yi ƙiba, ya kawo ƙaninsa Mudassir da ya samu gurbi a jami'a. Bai leƙa gidajen tayil ba. Ya nuna ɗakin ƙarshe ya ce shi yake so.

"Ga shi nan, Inna, Mama ta ce a damƙa miki. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki cire ƙyauren. Ba sai kin kira ni ba."

Mudassir ya zaro ido, bai gane ba. Inna ta yi dariya har da tari.

To masu gidajen haya na Wudil, da masu shirin zuba kuɗinsu a gini don su huta, ga abar koyi a kusa da ku. Ɗakin da ka ba wa ɗan wani, ba bango da kwano kawai ka ba shi ba, barcinsa ka ɗauka a wuyanka. Ku leƙa gidajenku ba sai ranar karɓa ba. Ku duba waya, ku duba rijiya, ku faɗa wa mai kama ɗaki abin da ke ƙarƙashin fenti. Ranar da gyara ya zo da asara, ku ɗauki asarar. Mu kuma matasa da ba ma iya zama a kan abu guda, yau tasha gobe kasuwa jibi Legas, mu dubi matar da ta yi shekaru tana zaga bango ɗaya kowace safiya ba ta gaji ba.

Ranar da ta miƙa makullan, ba makullan ta fara ba Garzali ba. Ta dogara sanda ta ja shi bayan gida, ta kama hannunsa ta manna a jikin sabon ginin.

"Inna, bulo ne fa yanzu."

"Taɓa dai."

Mun gode, Inna Yelwa. A madadin iyayen da ba su taɓa ganin fuskarki ba amma suka yi barci saboda ke, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya sassauta miki gwiwar nan, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ki zauna ki miƙe ƙafa. Yau da safe na wuce ta lungunku, na ga Garzali ya ajiye kekensa, rodi a hannu ɗaya, ɗayan a jikin bango. Mudassir ya leƙo ta taga yana tambayar sa ya bangon ya kwana.